Kafin mu ce "a buga sunayensu", mu leƙa ƙarƙashin gadar Mayami



Duk lokacin da labarin fyaɗe ya fito, musamman in ƙaramar yarinya ce ko yaro, magana ɗaya ce ke cika layukan rediyo da gurup-gurup na WhatsApp: a kashe shi, in ba za a kashe shi ba a buga sunansa da hotonsa kowa ya gani, a buɗe rajista kamar yadda ake yi a Amurka. Fushin nan mun san shi, namu ne mu ma. Wanda ya taɓa ganin uwa zaune a ƙofar likita da ɗiyarta ƴar shekara shida ba sai an koya masa fushi ba. To amma tunda Amurka ake kira, bari mu je can mu duba. Shekara talatin ke nan suna tafiya da wannan rajista, kuma abin da ta haifar yana nan a rubuce cikin hukunce-hukuncen kotunansu da ƙididdigar ma'aikatar shari'arsu. Abin da muka tarar shi ne, rubuta sunan mutum cikin kundi aikin minti biyar ne. Inda gizo ke saƙa shi ne wa zai shiga, wa zai gani, kuma ta wace ƙofa ake fita.

Abin ya faro ne daga yara biyu. A watan Oktoba 1989 wani mutum riƙe da bindiga ya sace Jacob Wetterling, ɗan shekara 11, a wani ƙaramin gari na jihar Minesota, yana kan keke zai koma gida tare da ƙanensa da abokinsa. Sai a 2016 aka gano inda aka binne shi. A 1994 majalisar Amurka ta yi doka da sunansa, ta ce kowace jiha ta buɗe rajistar waɗanda kotu ta kama da laifin fyaɗe ko lalata da yara. A lokacin kundin na ƴan sanda ne. Cikin wannan shekarar dai, a watan Yuli, wani maƙwabci a jihar New Jersey ya yaudari Megan Kanka, ƴar shekara 7, wai ta zo ta ga ɗan kwikwiyo, ya yi mata fyaɗe ya kashe ta. Sau biyu kotu ta taɓa kama mutumin da laifin taɓa yara, iyayen Megan kuma ba su sani ba. Suka ce da sun sani da ɗiyarsu tana raye. Wa zai iya musu da su? A 1996 shugaba Bill Clinton ya sa hannu kan dokar da ta tilasta a sanar da jama'a. Daga nan kundi ya bar aljihun ɗan sanda ya fito fili, da intanet ta yaɗu kuma ya shiga kowane ɗaki.

A 2006 aka ƙara ɗaure igiya da wata dokar mai sunan wani yaron, Adam Walsh. Ta kasa mutane gida uku: wasu shekara 15 cikin rajista, wasu 25, wasu har mutuwa. Na gida na uku, duk wata uku sai ya je da ƙafarsa ya nuna fuska. In ya sake gida, ko wurin aiki, ko makaranta, kwana uku na aiki aka ba shi ya sanar. Rashin sanarwar kaɗai sabon laifi ne, kuma wanda ya ƙetare zuwa wata jiha bai yi rajista ba yana iya shan shekara 10 a kaso. Sunansa, hotonsa, lambar gidansa, a wasu jihohin har motarsa da wurin aikinsa, duk suna intanet. Tun 2017 kuma, wanda laifinsa ya shafi yaro, ana rubuta hakan cikin fasfonsa. Yau mutanen da ke cikin wannan rajista sun haura dubu 700. In kun haɗa mutanen birnin Maraɗi da na birnin Damagaram bisa ƙidayar 2012, ba su kai haka ba.

Su wa ke ciki? Akwai mugaye na gaske, irin wanda ya kashe Megan, kuma babu mai hankalin da zai ce a kau da ido daga kansu. Amma cikin kundin nan ɗaya akwai saurayi ɗan shekara 19 da budurwarsa ta rage kaɗan ta cika shekarun da dokar jihar ta yanke. Akwai ƴan makaranta da suka aika wa juna hotunan tsiraici ta salula. Dokar 2006 ta yarda a sa yaro tun yana ɗan shekara 14, wasu jihohin ma ƙasa da haka. Ƙungiyar Human Rights Watch ta nuna a rahotonta na 2007 cewa a wasu jihohi fitsari a bainar jama'a na iya kai mutum ciki. Ku duba fa. Uwar da ta buɗe shafin ta ga ɗigo ɗari a taswirar unguwarsu, ta yaya za ta gane wane ɗigo ne kura, wane ne yaron da ya yi wauta shekara ashirin da suka wuce? Ita kanta mahaifiyar Jacob, Patty Wetterling, wadda ta yi ta faɗi tashi har aka yi dokar farko, daga baya ta fito ta ce abin ya wuce gona da iri, musamman sa yara a ciki.

Yanzu ga inda maganar ƴanci ta shigo. Waɗanda suka zauna ajin lise za su tuna ƙa'idar da ake koyarwa: dokar hukunci ba ta cin baya. Ba a yi maka hukunci da dokar da aka yi bayan ka aikata laifi. Wasu mutum biyu a jihar Alaska, waɗanda suka gama zaman kaso tun 1990, shekara huɗu kafin a yi rajistar jihar, suka kai ƙara kan wannan ƙa'ida. A 2003 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, alƙalai shida a kan uku, cewa rajista ba hukunci ba ce, tsari ne kawai na kare jama'a, don haka tana iya cin baya. Da wannan kalma ɗaya aka rufe ƙofofi da yawa. In abu ba hukunci ba ne, ana iya ƙara maka shi bayan ka gama ɗaurinka, ba tare da ka sake tsayawa gaban alƙali ba. Mutum ya yarda da laifi an ce masa shekara goma, majalisa ta zauna ta mai da ita rai da rai, sai dai ya samu takarda a gida.

Kotun ta kafa hujja da cewa irin waɗannan masu laifi suna komawa ga halinsu da yawan da ke ban tsoro. A wata shari'ar ta 2002 har an ambaci kashi 80 cikin ɗari. A 2015 wani farfesan shari'a, Ira Ellman, da abokiyar aikinsa Tara Ellman, suka bi sawun wannan adadi har gindinsa. Suka tarar ya fito ne daga wata maƙala ta 1986 a mujallar Psychology Today, mujallar da ake sayarwa a kanti, kuma babu wani bincike da aka jingina shi a kai. Abin da ofishin ƙididdiga na ma'aikatar shari'ar Amurka ya samu daban ne. Ya bi mutum 9,691 da aka sako a 1994 daga jihohi 15: cikin shekara uku, kashi 5.3 aka sake kamawa da laifin jima'i. Ya sake bin waɗanda aka sako a 2005 daga jihohi 30 har shekara tara: kashi 7.7. Kar mu yaudari kanmu, wannan lissafin waɗanda aka kama ne, fyaɗe kuwa laifi ne da yawancinsa ba ya zuwa gaban hukuma, a can da nan. Ainihin adadin ya fi haka. Amma tsakanin 8 da 80 akwai tafiya, kuma a kan 80 ɗin kotu ta jingina hujjarta.

Akwai wani lissafin da ya fi wannan shafarmu. Binciken ma'aikatar shari'ar Amurka na shekarar 2000 ya nuna cewa cikin yaran da aka yi wa lalata aka kai ƙara, kashi 7 kacal ne baƙo ya yi musu. Kusan kashi 34 ɗan gida ne, sauran kuma wanda yaron ya sani. Wani binciken na 2008 a jihar New York ya tarar sama da kashi 95 na waɗanda aka kama da laifin jima'i ba su taɓa samun hukunci kan irinsa ba, wato babu rajistar da za ta nuna su. Jama'a, wannan ai ba sai Bature ya faɗa mana ba. Mun san wa ke yi: kawu, mijin uwa, ɗan haya, mai shagon da ake aiken yarinya, mushen da ke tsare ta bayan an tashi lakkol. Mun kuma san inda maganar ke mutuwa: a zauren mai unguwa, da sunan rufin asiri, a ba da ƴan jikkuna na magani, a ce kar a ɓata sunan gida. Wanda aka rufa wa asiri bai je jistis ba, wanda bai je jistis ba kuwa babu kundin da zai ɗauke shi. In muka buɗe rajista muka bar wannan zaure yadda yake, an bar jaki ana dukan taiki.

Sai mu zo gadar. A 2005, bayan kisan wata yarinya a jihar Fulorida, hukumomin yankin Mayami suka hana wanda aka kama da laifi kan yara ya zauna ƙasa da ƙafa 2,500, kusan mita 760, daga makaranta. A kunne abin ya yi daɗi. To ku ɗauki taswirar Damagaram, ku zana da'irar mita 760 kewaye da kowace lakkol a Birni da Zango da Sabon Gari, ku ga ko tabarma za ta samu wurin shimfiɗawa. Haka ya faru a Mayami. Mutum ya gama ɗaurinsa, uwarsa na da ɗaki, ɗakin kuma yana cikin da'ira. Doka ta ce dole ya ba da adireshi, dole kuma a same shi can da dare. Wurin da ya rage shi ne ƙarƙashin wata babbar gada da ake kira Julia Tuttle, wadda ta ratsa ruwa tsakanin Mayami da bakin teku. Daga 2006 zuwa 2010 mutane suka tare can, har suka haura ɗari, cikin tantuna da bukkokin katako, ba famfo, ba makewayi. Jami'an sa ido sun san da su, can suke zuwa duba su. Wasu har katin shaidarsu an rubuta gadar a matsayin gida. Da yawa suna ɗauke da na'urar da ake ɗaura wa mutum a ƙafa don a san inda yake, mari na zamani ke nan, kuma in batirinta ya mutu laifi ne. Da janareto suke cajinta. A 2010, da abin ya zama abin kunya a idon duniya, aka watse sansanin. Dokar kuma ba a cire ta ba, don haka wani ya sake tsirowa a bakin layin dogo.

Tambayar da za mu yi a nan ba ta tausayi ba ce, wanda ba ya jin tausayinsu ya riƙe abinsa. Tambayar ita ce: wa ya fi sauƙin sa wa ido, mai ɗaki da aiki da uwa da ke ganin shigarsa da fitarsa, ko wanda ke kwana a kwali ba ya da abin da zai rasa? Masu shigar da ƙara na jihar Iowa, mutanen da aikinsu ɗaure masu laifi ne, sun amsa tun 2006. Jiharsu ta yi irin wannan doka ta ƙafa 2,000, sai suka ga mutanen rajista suna ɓacewa, ba a san inda suke kwana ba. Ƙungiyarsu ta fito ta roƙi a soke dokar, a 2009 kuma aka sassauta ta. Mu ma nan mun san abin da ke biyo baya in aka tura waɗanda ba a so kusurwa ɗaya aka juya musu baya. Ƴan Damagaram sun san tarihin unguwar Kara-Kara, inda aka ware masu cutar kuturta, mutanen da ba su yi wa kowa laifi ba, da yadda tambarin ya bi ƴaƴa da jikoki. Aïcha Macky ta nuna wa duniya rayuwar samarin wurin a fim ɗinta na 2021.

Rajista ɓangare ɗaya ce. Ɗayan shi ne talala. A Amurka kusan mutum miliyan 3.7 ne ke waje amma igiya na ƙafarsu: wasu alƙali ya ba su zaman gwaji maimakon kaso, wasu an sako su kafin wa'adi bisa sharaɗi. Wannan ya shafi kowane irin laifi, daga sata har ƙwaya. Sharuɗɗan suna da yawa: kar ka bar gari ba izini, ka dawo gida kafin ƙarfe kaza, ka je ofis ranar kaza, a gwada fitsarinka, kar a gan ka da mai tsohon laifi, ka samu aiki. A jihohi da dama kai ne za ka biya kuɗin sa idon da ake maka, har da hayar marin da ke ƙafarka. Wani rahoto na majalisar gwamnatocin jihohi a 2019 ya ce kashi 45 na masu shiga gidajen kason jihohi, karya sharaɗin talala ne ya kai su, kuma kusan kashi 25 ba sabon laifi suka yi ba. Sun makara ne, ko sun tsallake alƙawari, ko gwaji ya kama su.

Samari masu jin waƙar turawa sun san Meek Mill na Filadelfiya. Shari'arsa ta bindiga da ƙwaya tun 2008 ce, amma talalar ta bi shi kusan shekara goma. A 2017 aka kama shi a New York yana ɗaga ƙafar babur, irin wasan da yaranmu ke yi ranar ɗaurin aure. An janye wannan tuhumar, amma alƙaliyar da ke riƙe da talalarsa ta aika shi kaso shekara biyu zuwa huɗu. Shi yana da kuɗi da lauyoyi da manyan abokai, ya fito bayan wata biyar, a 2019 kuma aka soke hukuncin farkon. Wanda ba ya da ko ɗaya cikin ukun nan fa?

Ba wai mutanen ba su da ƴanci ko kaɗan ba, sai dai kowane guntu da shari'a aka ƙwato shi. A 1972 Kotun Ƙoli ta ce ba a mai da wanda aka sako bisa sharaɗi kaso sai an saurare shi, an gaya masa abin da ake zarginsa da shi. A 1983 ta ce ba a ɗaure mutum don ya kasa biyan tara sai an bincika ko ƙin biya ya yi ko babu ce. Wadda ta fi ba mu mamaki ita ce ta 2017. Jihar Karolina ta Arewa ta hana duk ɗan rajista shiga shafukan sada zumunta. Wani mai suna Lester Packingham, da kotu ta yafe masa tarar mota a 2010, ya hau Facebook ya gode wa Allah. Wannan godiyar aka kama shi da ita, aka same shi da babban laifi. Shekara bakwai ana jan magana kafin alƙalan Kotun Ƙoli gaba ɗayansu su ce dokar ta keta ƴancin faɗin albarkacin baki. A 2016 kuma wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta duba ƙarin da jihar Mishigan ta yi wa rajistarta, ta ce wannan kam hukunci ne ko da wane suna aka kira shi, ba ya cin baya.

Akwai kuma abin da ba doka ce ke yi ba, jama'a ke yi. A watan Afrilu 2006 wani saurayi ɗan Kanada ya kwashi adireshi daga rajistar jihar Maine, ya bi gida-gida ya harbe mutum biyu. Ɗaya daga cikinsu ɗan shekara 24 ne, laifinsa shi ne tarayya da budurwarsa lokacin yana 19, ita kuma saura kaɗan ta cika 16. A Birtaniya a shekarar 2000 wata jarida ta shiga buga sunaye da hotuna, aka yi ta tarzoma, aka far wa mutanen da kama kawai suka yi da na hoton. A yankin Wels har gidan wata likitar yara aka ɓata da fenti, don sunan aikinta da turanci ya yi kusa da kalmar mai lalata da yara. Wannan a ƙasashen da kowa ke da takardar haihuwa da lambar gida ke nan. To ina ga nan, inda a unguwa ɗaya za ka samu mutum biyar masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, inda ihun "ɓarawo" a kasuwa ya isa a kashe mutum kafin jandarma su iso? Hoton da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa, ko kotu ta wanke mai shi. Kuma mu tuna wa masu saurin turawa: tun gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a watan Yuni 2024, ɗauri ya dawo kan ɓata suna ta salula.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. Ingila tana da rajista tun 1997, amma tana hannun ƴan sanda. Uwa ko uba da ke shakkar wani mai kusantar ɗansu suna iya zuwa su tambaya a kan wannan mutumin, a gaya musu abin da ya kamata su sani, ba a manna shi a bango ba. A 2010 Kotun Ƙolinsu ta ce riƙe mutum cikin rajista har mutuwa ba tare da damar a sake duba lamarinsa ba ya keta haƙƙinsa, yanzu bayan shekara 15 yana iya nema. Faransa, ko muna shiri da ita ko ba ma yi, tsarin shari'armu daga nata aka kwafo, ta buɗe nata kundin a 2004. Alƙalai da masu bincike da wasu hukumomi masu ɗaukar ma'aikatan da za su yi hulɗa da yara ne ke dubawa. Da aka ƙalubalance shi, kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta bar shi a 2009, kuma cikin dalilanta akwai cewa yana da wa'adi, mai suna a ciki kuma yana iya neman a goge shi.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun ƙaddamar da tasu rajistar ta ƙasa a watan Nuwamba 2019, a hannun hukumar NAPTIP, kuma sunayen waɗanda kotu ta yanke wa hukunci a fili suke. Don haka maganar ta iso bakin iyaka, daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar awa nawa ce?

Abin da mutane ke mantawa shi ne mu ma muna da kundi tun da daɗewa. Kaziye. Duk wanda ya taɓa haɗa dosiye na konkur ya san ta, takardar nan da ake nema wadda ba ta wuce wata uku ba, da ake karɓowa a kotun inda aka haife ka. In kun lura, tsarinta ya riga ya amsa tambayoyin da Amurka ta tsallake. Sai hukuncin kotu ke shiga, zargi ba ya shiga. Kashi uku ce: ta farko ta alƙalai, ta biyu ta wasu hukumomi, ta ukun kuma mai ita ake ba a hannunsa. Akwai kuma ƙofar fita, don dokar shari'ar laifuka ta tanadi wanke suna ga wanda ya gama hukuncinsa ya zauna lafiya tsawon wani lokaci. Tsohon fursuna nawa ne aka gaya wa haka ranar da aka buɗe masa ƙofar kaso? Ga hukumar ANAJJ da aka kafa tun 2011 don taimakon marasa ƙarfi a shari'a, wannan yana cikin abin da ya kamata ta riƙa shela a rediyo da Hausa da Zabarmanci. Ta ɗaya gefen kuma, lakkol mai zaman kanta nawa ce ke tambayar kaziye kafin ta ɗauki mushe ko mai gadi? Gidan marayu fa? Direban da ke kwasar yara? Mu a ganinmu nan ya kamata a fara: a tilasta duba ta ga duk wanda za a damƙa wa yara, a kuma tabbatar hukuncin da aka yanke a Tawa ya isa takardar mutumin da aka haifa a Magariya. Wannan zai tare mugun da aka riga aka sani a daidai ƙofar da yake son shiga, ba tare da an kori kowa zuwa ƙarƙashin gada ba.

Sai kundi na biyu, wanda ake magana a kansa da ƙaramar murya. Ranar 27 ga Agusta 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan dokar da ta kafa kundin mutane da ƙungiyoyin da ake danganta su da ta'addanci ko cin amanar muradun ƙasa. Wanda ya shiga ana iya riƙe dukiyarsa, a hana shi tafiya, a kuma janye masa zama ɗan ƙasa na wucin gadi. A watan Oktoba 2024 an janye wa mutum tara. Babu wanda ya san abin da ke faruwa a Tilaberi da Difa da zai ce ƙasa ba ta da haƙƙin sanin maƙiyanta, mun binne sojoji da talakawa da yawa. Laifin kuma daban ne da wanda muka faro da shi. Amma kundi kundi ne, tambayoyin ba su canzawa. A wannan, ba sai kotu ta yanke hukunci ba, buɗe bincike ya isa a rubuta sunan mutum, kuma a kan haka ne Human Rights Watch ta soki dokar. A ƙasar da fiye da rabin mutanen da ke gidajen kaso jiran shari'a suke yi, wasu shekara da shekaru, "wucin gadi" na iya cinye ƙuruciyar mutum. Manomin da maƙwabcinsa ya kai sunansa don rigimar gona, ɗan kasuwar da ya sayar wa wanda bai sani ba da buhun gero, su ne muke tunani, don manya suna da lauyoyi. Abin da muke roƙon hukuma shi ne a bayyana wa jama'a da harsunan ƙasa yadda mutum zai san an rubuta shi, gaban wane alƙali zai je ya yi musu, cikin kwana nawa za a amsa masa, kuma in kotu ta wanke shi, wa zai sa hannu a cire sunan a sakar masa dukiyarsa.